Ranar da Rahinatu Ta Riƙe Sitiyari

Shekara talatin da ɗaya ina Suame,
kwance ƙarƙashin motocin mutane.
Nakan gane ciwon kabureta kafin mai mota ya buɗe baki.
Ruwa kuwa, iyakar sanina da shi buta,
sai na sama, in ya cika kwatar Aboabo.

Rahinatu ce ta ce, "Baba, Lahadi ba gareji."
Ta biya tirotiro da kuɗin ɗinkinta,
ta durƙusa ta ɗaure min igiyar kambas
kamar ni ne yaron.

A Kuntanase muka sauka, wai sauran da ƙafa.
Hawa. Gonar koko, hawa.
Rogo, ayaba, wata akuya da ta raina ni, hawa.
Gwiwata ta hagu ta soma ƙara irin ta boris da ya sha yashi.
Na tsaya, wai ina duba wata bishiya.
Ta san ƙarya nake.
Ta tsaya ita ma tana duba bishiyar.

Sai tudu ya ƙare ba sallama.
Ga Bosomtwe can ƙasa,
kamar tasa cike da aka ajiye tsakanin duwatsu
aka manta da ita tun kafin a haifi kowa.
Na ce Subhanallahi.
Ragowar numfashina ke nan.

Gangara ta fi hawa mugunta. Ba wanda ya gaya min.

A Abono wani saurayi, Kwadwo, ya sa min rigar ruwa,
ja wur, ta ƙi haɗuwa a tumbina.
Kwalekwalen na roba ne, siriri, ɓawon gyaɗa ya fi shi cika ido.
Na ƙwanƙwasa shi da yatsa, na leƙa baya ina neman injin.
Ya miƙo min filafili mai baki biyu:
"Masta, ai kai ne injin."

Ni gaba, ita baya.
Na tuƙa da ƙarfin da nake kwance noti mai tsatsa,
muka zaga.
Na ƙara ƙarfi, muka sake zagawa.
Sau uku ina gaida itacen kwakwa guda.
Yaran bakin gaɓa har da tafi.

Wani masunci ya wuce mu a kan gungume,
ƙafafu cikin ruwa, ɗan faranti a kowane hannu,
ko hularsa bai jiƙa ba.

"Baba, daina kokawa da shi.
Dama. Saki. Hagu. Saki.
Sitiyari yana wurina."

Ni da nake cewa yaro miƙo sha biyu, miƙo sha huɗu,
ba a maimaita min magana a rumfata,
na haɗiye yawu, na bi.
Dama. Hagu.
Hancin jirgi ya miƙe kamar an yi masa alaimen.

A tsakiya ta ce mu ɗaga hannu.
Ba hon, ba guduma, ba mai kiran Masta.
Ɗigon filafili kawai,
da wani abu da ke bugawa a hankali,
na saurara, ashe zuciyata ce tana silo.

Daminar da ruwa ya shiga ɗakinmu
a wuya na ɗauke ta, tana riƙe da kunnuwana.
Yau ina so in waiwaya in ga fuskarta,
jirgi ya ce in na kuskura, mu duka.
Sai na zauna da muryarta a bayana.
Ta ishe ni.

Mun ci ƙarfasa soyayye da dokunu a gindin kwakwar nan,
ita dai, wadda na gaisar.
Tafkin bai fitar da giris ɗin farcena ba,
amma ya bar min bororo a inda sifana ba ta taɓa ba.

Litinin, ina ƙarƙashin wata tsohuwar tasi,
Fusaini ya leƙo ya ce, "Masta, da wa kake?"
Ashe a fili nake faɗa:
dama, saki, hagu, saki.